Tulu da sikeli, yadda muke fama da ƙibar ƙurun autarmu

14 Oktoba 2023

Toh, na fara wannan rubutun ne saboda likitar dabbobi tace in ban dinga rubutawa ba ido zai ruɗe ni, wai mai ganin doki kullum shi ne na ƙarshen sanin ya yi ƙiba. Kuma gaskiyarta, don ni har makon jiya alfahari nake da ita.

Ga yadda abin yake. A watan Agusta muka karɓi aron wata goɗiya ƙuru don autarmu ta koyi hawa, a nan wajen garin Bradford na Ingila inda muke zaune. Irin ƙananan dawakin tsaunukan Wales ce, ajin da suke cewa Sashen A, waɗanda ba sa wuce hannu 12 a tsayi (da hannu ake auna tsayin doki, hannu ɗaya inci 4 ne), ita hannu 11 ce da inci 2, wajen santimita 117 kenan. Kili ce, shekararta 13. Sunan da ke cikin fasfonta (eh, a nan doki ma fasfo gare shi) dogo ne da yaren Wales, na gwada faɗa sau biyu harshena ya ƙi, sai kawai muka sa mata Tulu. Sunan ma kaɗai ya ishe ku gane inda matsalar take.

Ni a Kano na tashi, a gidan da akwai barga, Kawuna yana da dawakai biyu na hawan sallah kuma ni ne ɗan aiken harawa da dusa tun ina firamare. Abin da na sani shi ne doki in ba ka ga gindinsa ya cika ya rabe biyu ba, to mai shi ya ji kunya. Don haka da Tulu ta zo hannuna na yi abin da na iya, na sayo buhun haɗin hatsin nan mai zaƙi da ake gaurayawa da ruwan rake, safe da yamma, ga karas ga tuffa, ga ta kuma a fili cikin ciyawa kore shar dare da rana. Ranar Talata auta ta jawo ta daga fili, da suka hau kankare sai naga tana taku kamar mai tafiya kan ƙaya, in za ta juya kuwa sai ta yi kamar za ta zauna. Matar da ke da bargar ta durƙusa ta taɓa bayan idon sawunta, tace in kira likita yanzu ba gobe ba.

Laminaitis ne, ciwon kofato. Yadda likitar ta bayyana min, a cikin kofato akwai wasu siraran nama jere kamar shafukan littafi, su ne suke riƙe ƙashin ƙafa da bangon kofaton. In dabba ta yi ƙiba tana cin sukari da yawa sai insulin, sinadarin nan da ke daidaita sukari a jiki, ya hau a jini ya ƙi sauka, shi ne yake sa naman nan ya saki, ƙashin ya karkata, in abin ya yi muni har ya huda tafin kofato. An ɗauki hoton ƙashi, Alhamdulillahi nata bai karkata ba. An ɗebi jini, insulin ya hau sosai. An ɗora ta kan sikeli, kilo 288. Likita tace bai kamata ta wuce wajen 240 ba. A ma'aunin ƙiba da suke yi daga 0 zuwa 5 ta ba ta 4 da rabi, ta kama hannuna ta ɗora kan dokin wuyan ƙarƙashin geza, ta ce in matsa. Tauri kamar tayar babur. Ni da nake shafa wajen ina cewa masha Allah.

Yanzu tana kulle a ɗaki kan dusar katako mai kauri, da maganin kashe zafi, ba fita ko taku ɗaya. Buhun hatsin na bayar kyauta.

22 Oktoba

Lissafin abincin: kashi 1.5 cikin 100 na nauyinta a wuni, busasshe, wato kilo 4.3 ko kusa. Amma da yake ingirici ko ya bushe akwai sauran ruwa a jikinsa, kuma jiƙawa tana wanke wani abu, likita tace in auna kilo 5 kafin in jiƙa. Da me nake aunawa? Da ɗan sikelin ratayen nan da muke auna jaka in za mu tafi gida kar a caje mu a filin jirgi. Uwargida ta neme shi ta rasa, na yi shiru.

Jiƙawar ce aiki. Ana cusa ingiricin a raga mai ƙananan ido, a dulmiya a babban bokitin shara cike da ruwa, a ɗora bulo a kai, ya kwana ko ya wuni, awa 8 zuwa 12 nake bari. In ka ɗago ruwan ya koma ja kamar shayin da aka manta a wuta, sukarin ne ya fita, sai ka ɗauraye ka rataye ya tsane. Ragar da ta jiƙa nauyinta sai wanda ya ɗaga, sau biyu tana jiƙa min wando kafin in tafi aiki. Ana raba shi kashi huɗu don kar cikinta ya zauna fayau, sannan ɗan kofi ɗaya na ƙwayoyin bitamin da ma'adinai saboda abin da ruwa ya wanke, shikenan abincin.

Na kira Kawu na ba shi labari. Ya yi shiru can yace, ɗan nan, ka jiƙa ciyawa ka zubar da ruwan? Nace eh Kawu. Yace to ai albarkar ka zubar, ka ba ta tsumma. Nace Kawu albarkar ce ke neman kashe ta. Yace Allah ya kyauta, Turawa dai ba sa rasa abin yi.

11 Nuwamba

Kilo 281. Ta daina ɗingishi ko ba magani, an yarda ta fita wani ɗan fili mai yashi da ba ciyawa.

Na so in yi wauta a makon nan. Naga abin yana tafiya a hankali, kilo 7 a wata guda, sai nace bari in rage ingiricin zuwa kilo 3 a gama da wuri, Allah ya sa na tambaya tukuna. Likita ta kusa yi min faɗa a waya. Tace ƙuru mai ƙiba in ka yanke masa abinci farat ɗaya jikinsa sai ya kwaso kitse ya zuba a jini fiye da yadda hanta za ta iya, jinin ya yi fari-fari kamar madara, kuma yana kisa, jakuna ma haka suke. Abin da ake so rabin kashi zuwa kashi 1 cikin 100 na nauyi a mako, ga Tulu kilo ɗaya da rabi zuwa uku kenan, kuma muna ciki daidai. Toh. Na mayar da wuƙata kube.

2 Disamba

Sanyi ya sauka da gaske, ruwan bokitin jiƙa ya daskare sai da na fasa da guduma. Rikicin gidanmu na wannan makon kuwa bargo ne. Auta ta tara kuɗinta ta sayo wa Tulu rigar sanyi ruwan hoda, don duk dawakin bargar an lulluɓe su, tace Abba ita kaɗai ce tsirara. Matar barga tace kar a sa. Auta ta yi kuka, uwarta ta goya mata baya, wai wane irin rashin imani ne ga yunwa ga sanyi.

Sai da na zauna na fahimci abin ni ma kafin in iya lallashinsu. Waɗannan ƙananan dawakin na Birtaniya, na Wales, da Shetland daga tsibiran can arewacin Scotland, da Exmoor da Dartmoor a kudu maso yamma, da Fell da Dales na nan arewacin Ingila, da Highland, duk a kan tsaunuka da fako suka rayu ɗaruruwan shekaru, inda ciyawar ba ta da kirki kuma hunturu ba abin ci. Jikinsu ya saba da tsari ɗaya, a tara kitse da bazara, a ƙone shi da sanyi, a fito watan Maris a rame a sake farawa. Wanda bai iya tara kitse da ɗan abinci kaɗan ba tun tuni ya mutu a kan dutse bai bar iri ba. To yanzu mun ɗauko jikokinsu mun zuba a filayen da aka shuka wa ciyawar shanun madara, an zuba taki, sannan sanyi ya zo mun lulluɓe su da bargo mun ƙara musu hatsi, kitsen bara bai tafi ba na bana ya hau kai. Namu na gida daban ne, dogaye ne ba sa riƙe jiki, suna ɗaure a turke abin da ka kawo shi za su ci, ga zafi ga kilisa, kai ne kake bin su da dawa da kanwa don su ciko. Ilimin Kawu daidai ne, a kan dokin Kawu.

Na kai auta na ce ta tura yatsunta cikin gashin Tulu har fata. Gashin ya yi tsawon ɗan yatsa, sama akwai raɓar ƙanƙara da ko narkewa ba ta yi ba, can ƙasa kuwa ɗumi kamar cikin aljihu. Ta yi shiru. Rigar tana nan a leda, mun yi yarjejeniya in aka haɗa ruwa da iska kwana da kwanaki kuma muka ga tana rawar sanyi za a sa.

30 Disamba

275 ranar 9 ga wata, 275 yau. Mako uku ba motsi.

Na zargi sikeli, na zargi ingiricin, na zargi auta har ta rantse. Jiya da yake ina hutu na zauna a mota daga nesa ina kallon filin. Akwai hanyar ƙafa ta jama'a da ta bi ta jikin shingen, a ƙasar nan irin hanyoyin suna ratsa gonakin mutane kuma ba ka da ikon hanawa. Wajen ƙarfe goma sai ga wani dattijo da karensa, Tulu tun daga nesa ta yi haniniya ta nufi shinge da sauri irin na wanda ya san lokacin, ya buɗe leda, burodi ne wallahi kusan rabin sunƙi, da karas. Bayansa wata mata da yara biyu, tuffa.

Na je na gaishe shi na yi masa bayani, mutumin kirki ne, yace ya ga kullum ita kaɗai ba ta da ciyawa ne tausayi ya kama shi. Ban iya jin haushinsa ba don wata huɗu da suka wuce ni ne shi. Mun ja waya mai lantarki taku biyar daga shingen, auta ta rubuta allo da hannunta cewa Tulu ba ta da lafiya abinci zai iya kashe ta, ta zana kofato yana kuka.

20 Janairu 2024

270. Allon ya yi aiki.

An yarda ta fara motsa jiki. Mun fara da jan ta da ragama minti 10, yanzu muna minti 25, ni da fitilar goshi don kafin in taso aiki duhu ya yi tun ƙarfe huɗu da rabi. Na kuma fara gauraya mata karan sha'ir a cikin ingiricin, kaɗan kaɗan har ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu, yana ba ta abin tauna na tsawon lokaci ba tare da wani ƙarfi a ciki ba. Sai da aka duba haƙoranta tukuna, don in ba ta tauna shi da kyau ba yana iya toshe hanji. Kullum ina ƙirga kashinta da safe kamar mai ƙirga kuɗi, wannan rayuwa.

24 Fabrairu

261. Yau na shafa gefenta na ji haƙarƙari. Ba a ganinsu, amma in ka ɗora tafin hannu ba tare da dannawa ba suna nan, kuma haka ake so. Kwarin nan da ke tsakiyar gindinta wanda ruwan sama ke kwanciya a ciki ya kusa shafewa. Wuyan ne dai mai taurin kai, ya ɗan yi laushi yana lanƙwasa amma yana nan, an ce shi ne ƙarshen tafiya, wani ma ba ya tafiya duka.

Mai gyaran kofato ya zo, duk mako shida yake zuwa. Ya nuna min wani layi da ya zagaye kofaton kamar zobe, ya sauko kusan rabi, yace wannan Oktoba ce. Kofato daga sama yake tsirowa, kafin ya sauya gaba ɗaya sai ya kusa shekara, don haka laifina yana nan a rubuce a ƙafarta har kaka mai zuwa.

Ruwa kuwa bana bai ɗaga ba, filin ya zama kunu, takalmina ɗaya ya maƙale na taka taɓo da safa.

16 Maris

Azumi ya kama. Ina zuwa barga bayan asuba in rataye raga in jiƙa ta yamma, auta da uwarta su je da la'asar tunda shan ruwa wajen shida da kwata ne. Matar barga tace yanzu na san yadda Tulu take ji, nace a'a ni ai da magariba ina ramawa.

257. Amma hankalina ba a kwance yake ba don ciyawa ta fara motsi, kuma duk wanda na yi magana da shi abu ɗaya yake faɗa, hunturu ne mai sauƙin, Afrilu da Mayu ne ake faɗuwa. Ba zai yiwu ta ƙare rayuwarta a kan yashi ita kaɗai ba, doki dabbar garke ne. Na yi tunanin in dinga sakinta awa biyu uku kawai a fili, ashe sun fi ni wayo, ƙuru in ya gane lokacinsa ƙidayayye ne sai ya sa kai ƙasa bai ɗago ba, a awa uku yana iya cin kusan kashi 1 cikin 100 na nauyinsa, fiye da rabin abincin wuninta kenan.

Abin da muka yi, ni da wata mai ƙuru irin na Shetland da ke da matsala iri ɗaya, mun kafa turakun roba da waya mai lantarki a cikin filin muka bar wata siririyar hanya mai faɗin taku huɗu da ta zagaye shi, tsakiyar a rufe. Ruwa a wannan kusurwa, ingirici a waccan, dutsen gishiri a wata, dole su yi ta zagaye. Ƙafafunsu sun riga sun tattake ciyawar hanyar. Wuni guda muka yi muna kafawa da azumi a bakina, turaku 60 da wani abu, bayana har yanzu bai yafe min ba.

11 Afrilu

Jiya aka yi sallah, Allah ya maimaita mana. Yau tun rana 'yan gida ke turo bidiyon hawa, na zauna ina kallon dawakan nan sun sha kwalliya gindi kamar an hura, wani abu ya taso min a ƙirji, kewar gida ce ko me. Sai na yi kuskure na tura wa Kawu hoton Tulu. Ya kira nan take. Yace ɗan nan, tsakaninka da Allah, wannan dabbar tana cin abinci? Nace Kawu likita ma yabawa ta yi. Yace likitan ta taɓa hawan daushe? Na yi dariya har auta ta leƙo. Daga baya ya ce to ya ƙafar, nace ta warke tana sukuwa, yace to madalla, ƙafa ai ita ce dokin. A nan dai muka haɗu.

253. Mun sayo takunkumin kiwo, kamar ƙaramin kwando ne da rami ɗaya a ƙasa, tana iya shan ruwa tana iya tsinkar ciyawa kaɗan kaɗan ta ramin, an ce yana rage ci da kusan kashi uku cikin huɗu ko fiye. Ba a barinsa ya wuce awa 10 zuwa 12. Da sassafe nake sakinta da shi a tsakiyar filin, don ciyawa da rana take tara sukari ta kwana tana amfani da shi, da asuba ya fi ƙasa. Sai dai in an kwana da sanyi mai daskarewa kuma gari ya waye da rana tau, ranar ba fita, don ciyawar ba ta ƙone komai da dare ba. Ranar farko ta tsaya a bakin ƙofa awa guda tana kallona kamar na ci amanarta, sai da na tura mata ciyawa ta ramin da yatsa sannan ta gane. Ya ɗan goge mata haɓa, uwargida ta ɗinka masa tsumma mai laushi a wajen.

5 Mayu

Jiya na sha tsoro. Batirin wayar lantarkin ya mutu da dare, laifina ne, na ga fitilar tana ja tun ranar Alhamis nace gobe. Da na iso da safe su biyun suna tsakiyar fili cikin ciyawa har gwiwa, ba takunkumi tunda ba a kwana da shi, turaku uku a kwance, ita da ɗan Shetland ɗin ciki kamar ganga, ko gudu ba su yi ba da suka ganni. Ba wanda ya san awa nawa suka yi.

Na shigar da ita ɗaki, na durƙusa na sa yatsu a bayan idon sawu yadda aka koya min. Jijiyar wajen in lafiya ƙalau da ƙyar kake jin bugunta, jiya kuwa ina ji, ba da ƙarfi can ba amma ina ji, ƙafafun gaba biyu. Na kira likita, tace a bar ta a ɗaki kan dusar katako, jiƙaƙƙen ingirici kawai, in duba safe da rana da dare, in ta fara jingina baya ko ta ƙi juyawa in sake kira ko ƙarfe nawa ne. Na koma ƙarfe goma sha ɗaya na dare da fitila na sake taɓawa. Yau da safe bugun ya lafa, na juya ta a kan kankare hagu da dama ta juya lafiya. Za ta ƙara kwana uku a ciki duk da haka.

Na sayo batir na biyu, na sa ƙararrawa a waya duk Laraba da Asabar.

1 Yuni

248 a sikelin likita, tef ɗin awo da nake zagaya mata a ƙirji yana cewa 240, dama tun farko yana rage mata, amfaninsa dai ya nuna ko ana hawa ko ana sauka. Kilo 40 kenan daga Oktoba. An sake ɗibar jini, insulin ya sauko sosai, amma likita tace kar in ɗauka an gama, irin jikinta ne, ko ta rame za ta fi wani dokin saurin kamuwa. Ma'aunin ƙiba 3, wuya har yanzu akwai saura. An sake lissafin ingirici da sabon nauyin, kuma tunda auta tana hawanta sau huɗu a mako har da 'yar sukuwa a hawan tudu, ba za a ƙara ragewa ba, tace in muka riƙe tsakanin 240 da 250 har ƙarshen bazara ta gamsu.

Sirdin ya yi mata yawa yanzu yana zamewa gaba, mai gyaran sirdi zai zo ranar 12. Manomin da muke sayen ingirici a wajensa yace na bara ya kusa ƙarewa, na roƙe shi ya ajiye min dami 30 na wanda aka yanka a makare, mai kara-kara ɗin nan da masu dawakin tsere ba sa so. Awo na gaba 15 ga wata, kafin babbar sallah.